Dokar da Na Kafa wa 'Yar Korama

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da mutanen gidansa, da sahabbansa baki ɗaya.

Daga mahaifinka zuwa gare ka, ɗana Garba. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina yi maka barka da abin da Allah ya ba ka. Allah ya kai ka inda za ka lafiya, ya tsare ka a kan ruwa, ya tsare ka a kan tudu, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da masu daɗin baki. Amin.

Bayan haka, na san za ka yi dariya. Zana ɗaya ce tsakanin ɗakina da naka, amma ga ni na zauna ina ɓata takarda da tsadarta. To laifinka ne da nawa. Ni da kai ba mu taɓa kai magana ƙarshenta ba. Kafin in sauke numfashi ka tare ni, kafin ka sauke naka na tare ka, sai innarka ta leƙo ta ce maƙwabta na ji. Ita kuwa takarda ba a katse ta. Ka karanta a cikin jirgi, in ka ga dama ka yi faɗanka da ita.

Jibi za ka tashi zuwa garin nan da ke gaba da Kirikasamma, inda hakimi ya ce ka riƙe masa ƙauyukan bakin ruwa, ranar Juma'a kuma a naɗa maka rawani. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Amma shekaranjiya da la'asar ina gyaran taru a bayan zaure, na ji ka kana ce wa abokanka, "Ni ba zan zauna jiran tsofaffi su gama tauna goro ba. In na faɗa, an gama." Suka yi shewa. Ni kuwa igiya ta suɓuce daga hannuna, domin muryata na ji. Har yadda ka ja "an gama" ɗin nan, nawa ne.

Sannan akwai abin da ba ka sani ba. A garin da za ka, akwai 'ya'yan wani mutum mai suna Ɗanjuma. Ba ka taɓa jin sunan a gidan nan ba, domin ni na hana a ambace shi. Na zalunci ubansu, ya mutu ban nemi gafararsa ba, kuma daga Juma'a suna ƙarƙashin ikonka. Wannan ne dalilin takardar. Sauran duk hanya ce ta isa wurin.

Ni ban yi makarantar kirki ba. Kakanka masunci ne, ya cire ni daga gaban malam ina da izu biyu, ya ce kifi ba zai tsaya ina wanke allo ba. Na girma da haushin wannan a maƙoshina. Ina saurayi wani bafatake ya sauka garinmu da jakunan kanwa, a cikin kayansa akwai wani littafin hukunce-hukunce, gara ta ci farkonsa, ta ci ƙarshensa. Na ba shi kwandon banda na karɓa. A lokacin ni ke fito a mashigar kogi. Duk malamin da ya zo ƙetarewa ba na karɓar komai a hannunsa, sai dai ya fassara mini shaɗara biyu kafin mu kai gaɓa. In ya yi nawa, ni ma sai in yi nawa da tuƙi. Shekara bakwai ina haka, har na iya buɗe littafin in gane abin da ke ciki ba tare da kowa ba.

Ban yi nadamar wannan ba, har gobe ina alfahari da shi. Abin da na yi nadama shi ne abin da karatun ya mai da bakina. Wanda ya yi karatu a gaban malam, an sha ce masa "ba haka ba ne, sake." Ni ba wanda ya taɓa ce mini haka. Malaman fito suna sauka su tafi, su bar ni da littafina da kaina, mu biyu kullum bakinmu ɗaya. Har Liman na taɓa gyara wa karatu a gaban jama'a ranar suna, ni ina ganin na burge. Kai ka yi makaranta, ka fi ni a nan. Amma sarauta ma haka take yi wa mutum, tana kwashe masu ce masa "sake". In ka ga wata ya cika ba wanda ya musa maka, ka ji tsoro.

Ka san yadda muke yi da tafkuna. In ruwan kogi ya janye ya bar su cike da kifi, masu unguwanni da Liman da tsofaffin masunta sai su zauna gindin tsamiyar masallaci, su yanke wane tafki za a rufe, wane za a bari, da ranar da za a yi su, gari duka ya shiga tare. In sun gama, Sarkin Ruwa ya je ya kafa sanda da kaba a kanta, ya tsare. In ya kama wani, ba ya taɓa shi, sai ya kai shi gaban Alƙali ranar kasuwa. Haka muka tarar. Ni a lokacin abin haushi yake ba ni. Kwana uku ana zama a kan maganar da zan yanke kafin tuwo ya huce! Wannan ya yi tari, wancan ya tuno abin da kakansa ya ce, wani ya yi gyangyaɗi a tashe shi a sake masa daga farko.

Shekarar da aka haife ka, baffana da ke Sarkin Ruwa ya kwanta ciwon ƙafa, aka ce in riƙe. Dattawa suka yi zamansu, suka rufe Babban Tafki kamar kullum, suka bar 'yar koramar da ke shiga cikinsa. Tun kaka da kakanni ba a rufe ta. Ta tsofaffi ce da mata da wanda ba shi da abin miya, mutum ya sa koma, 'yar ragar nan ta hannu, ya sami na tukunya. Ni kuwa na daɗe da lura cewa ta nan ƙananan kifi ke bi su shiga tafkin, kuma ana kwashe su tun ba su kai yatsa ba. Ka ji da kyau, Garba, gaskiya ce da ni. Har yau in aka tambaye ni zan ce gaskiya ce da ni. Sai dai ban kai wa dattawa ba. Na ce in na kai sai damina ta dawo ba su gama ba. Na sami mai shela ranar kasuwa, na ce ya faɗa wa gari an rufe korama. Na je na kafa sanda da hannuna.

Ina cikin ɗaure kabar, sai ga Iya Talatu, tsohuwar nan mai daddawa, da komarta a kafaɗa.

Ta ce, "Audu, wannan kuma sandar wace ce?"

Na ce, "Ta doka ce, Iya."

"Dokar wa? Ɗana yana wurin zaman, bai zo mini da wannan ba."

"Dokar Sarkin Ruwa."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Sarkin Ruwa yana kwance ana gasa masa ƙafa. Kai dai na san ka, ni na yanke maka cibiya, kuma tun ranar kake ihu."

Matan da ke wanki suka fashe da dariya. Da ina da hankali, da a nan na tuge sandar. Dariyar ce ta sa na ƙara danna ta ƙasa. To ga nasihata a nan: kyawun doka ba ya ba ka ikon kafa ta. Mutanen da za ta hau kansu, su ko waɗanda suka wakilta, su ke da wannan. Kai naka ka kawo shawara, ka yi gardama iya ƙarfinka, in an ƙi ka haƙura ka tsare abin da aka yanke, ko da ba ka so.

Ɗanjuma abokina ne tun muna tsirara. Tare aka yi mana kaciya, tare muka koyi hawan gora a ruwa. Shi kaɗai ke tsokanata a kan littafin, yana kirana Malam na Fito, in yi kamar zan mutu don haushi. Kwana huɗu da kafa sanda, da hantsi, na same shi a koramar, tarwaɗa uku a cikin gorarsa. Matarsa ta haihu kwana biyu da suka wuce.

Ya ce, "Malam na Fito, ka zo daidai. Mai jego ce ke son romo. Riƙe mini nan in fito."

Na ce, "Ba ka ji shela ba?"

Ya ce, "Na ji wani yana ihu a kasuwa, na ɗauka akuya ce ta ɓata."

Akwai mutane a gaɓa. Ban san lokacin da na fizge gorar na buga ta da kututturen giginya ba. Gorar ubansa ce, babba, irin wadda sai a shekara ana nema ba a sami kamarta ba. Ta rabe biyu. Na sa wuƙa na yayyanka komarsa. Na juya ga mutane na ce, bisa ga hukunci, Ɗanjuma ba zai shiga su na bana ba. Har da kawo Larabci daga littafina, wanda ba wanda ya gane, kuma yanzu na san ba a kan kifi yake magana ba. Ɗanjuma ya sunkuya. Ya tsince tarwaɗarsa daga cikin yashi, ya wanke su ɗaya bayan ɗaya, ya tafi.

Ka lura da abin da na yi a cikin ɗan lokacin da bai kai a sha fura ba. Ni na ji haushi, ni na kama, ni na yi shari'a, ni na zartar. Ba inda fushina zai tsaya ya huta. Tafiyar nan da ake yi daga bakin ruwa zuwa zauren Alƙali, da jiran ranar kasuwa, da nake kira ɓata lokaci, ashe a cikinta ne zuciyar mai kamu ke sanyi. In ka kama mutum, ko da hannunsa a cikin rumbu, ka kai shi. Kada ka ce abin a fili yake. Ni ma nawa a fili yake.

Abin da ya fi wannan kunya yana gaba. Ba a yi mako ba aka zo aka ce mini an ga baffanka Isa, ƙanena, ya kafa gura, tarkon kifin nan, a koramar. Gura kuwa ta fi koma kwasar ƙananan kifi nesa ba kusa ba. Ka san abin da na ce? Na ce dokata koma ta hana, ba ta ambaci gura ba. Kuma ba mai iya ƙaryata ni, tunda dokar a bakina take zaune. In na so ta miƙe, in na so ta lanƙwashe. Wallahi a ranar ban ji na yi rashin gaskiya ba, har na ga kamar na yi fasaha. Wannan ne abin tsoron. Kada ka dogara da cewa kai mutumin kirki ne. Ni ma ba mugu ba ne. Duk wanda ya riƙe kafawa da fassarawa a hannu ɗaya, zai wayi gari dokarsa ta san 'yan'uwansa, shi ma bai san lokacin da ya gabatar da su ba.

Ɗanjuma ya kai ƙara. Amma Alƙali ya yi tafiya birnin Hadeja, bai dawo ba sai bayan an yi su. Ranar su ɗin gari duka yana cikin ruwa, ana kiɗa, ana fito da manyan kifi, Ɗanjuma yana zaune a kan tudu da hannu a gwiwa. Kifin ranar nan shi ne bandar da mutum zai kai kasuwa ya sayo hatsin damina. Ka san abin da rasa shi yake nufi ga mai sabon jariri.

Alƙalin wani tsoho ne ɗan asalin Barno, siriri, mai magana a hankali kamar ba ya so. Na je da littafina a hammata, na shirya hujjoji tun daga gida. Ya saurari Ɗanjuma, sannan ya juyo.

"Samari, wa ya kafa dokar?"

"Ni ne, Allah ya gafarta malam. Domin ƙananan kifi..."

"Za mu zo kan kifi. Wa ya kama shi?"

"Ni ne."

"Hukuncin fa?"

"Ni na yanke, kuma ga inda na samo." Na miƙa littafin.

Ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi, ya leƙa farko, ya leƙa ƙarshe. Ya ce, "Littafi mai kyau. Wanda ya cinye farkon nan, shi ma ya yi karatu." Zaure ya ɗauki dariya. Ya bari aka lafa, ya ce, "To da kai ne mai doka, kai ne dogari, kai ne alƙali, shi wannan bawan Allah da ka bar masa wa zai kai wa kuka? Ko Sarki da ke birni, in ya zauna shari'a da malamai a gefensa yake zama, kuma abin da Allah ya riga ya hukunta ba shi da ikon taɓawa. Kai a bakin korama ka fi shi?"

Ya yanke cewa dokar ba doka ba ce, tunda ba masu ita suka kafa ta ba, in saƙa wa Ɗanjuma koma, in nemo masa gora, in ba shi rabin kifin da na kama ranar su. Bakina bai mutu ba. Na ce, "To Allah ya gafarta malam, tunda ka ji hujjar kifin kuma ka san gaskiya ce, kai ka tabbatar da dokar mana, a huta."

Ya ce, "Yanzu na gama raba ka da kayan mutane, kana so ka ɗora mini? Ni ba na kafa wa tafki doka. In an kafa, aka saɓa, a kawo mini. Tsamiya tana nan inda ka bar ta."

Na fito ina zaginsa a zuciya. Na daɗe kafin in gane cewa mutumin nan ya ƙi ƙarin iko da aka miƙa masa a gaban jama'a, kuma bai ko yi jinkiri ba. Za ka tarar da alƙali a can. Kada ka aika masa da ƙwarya ana gobe shari'a, kada ka aika masa da magana, kada ka je ka zauna a zaurensa kana gyaran murya. Ranar da ya yanke abin da bai yi maka daɗi ba, ka bi a gaban kowa. Daga ranar ne talaka zai yarda cewa zauren nan na gaskiya ne.

Da shekara ta zagayo na kai maganar korama gindin tsamiya. Kwana uku cur, kamar yadda na ji tsoro. Na yi magana har muryata ta dushe, aka yi mini tari, aka yi mini gyangyaɗi. Iya Talatu ba ta da wurin zama a can, amma ta kafa tallar daddawarta a bayan danga, tana jefo magana ɗanta yana maimaitawa kamar tasa. Abin da aka tashi da shi: a hana gura da taru a koramar, a bar koma mai manyan idanu wadda ƙaramin kifi zai wuce, gidan da ke da mai jego ko majinyaci kuwa ba a tambayarsa. Garba, ta fi tawa. Ta fi tawa nesa. Ni kifi kawai na gani, su sun ga kifi sun ga tukwane. Ita ce dokar da kake gani har yau, kuma ban taɓa kama kowa a kanta ba, domin wanda ya sa baki a abu ba ya son a ga shi ya karya. In za ka tara dattawan can, kada ka tsince masu cewa "haka ne, ranka ya daɗe." Wanda ya fi ba ka haushi, shi za ka fara aika wa.

Ni yanzu alhamdu lillahi. Baffana ya rasu aka tabbatar mini da sarautar, na riƙe abin da yake nawa na sakar wa mutane nasu, sai na ga ashe kayan ba su da nauyi. Ina barcina, ina cin tuwon shinkafata da man shanu, tafki yana cika, bakina yana nan da kaifinsa amma ba ya fasa wa kowa gora. Ba abin da na nema Allah bai ba ni ba, sai abu ɗaya.

Rabin kifin na aika a ranar. Komar ce ta ɗauke ni wata biyu, domin ina saƙa ina fushi, ina kwancewa. Ran da na gama na ɗauka da sabuwar gora na nufi gidansa, na tarar an cire asabarin ƙofa. Ya kwashe iyalinsa ya yi gabas, wurin dangin matarsa. Na ba wani mai jirgi ya kai masa. Mai jirgin ya dawo ya ce ya karɓa. Na ce, me ya ce? Ya ce bai ce komai ba. Kwana biyu ne a ruwa tsakaninmu. Kowace shekara sai in ce in ruwa ya janye zan je, in ruwa ya janye in ce sai an yi su. Girman kai ne, ba wani abu ba, na iya tsayawa gaban Alƙali da dattawa amma na kasa tsayawa gaban mutum ɗaya. Shekara shida da suka wuce aka zo mini da rasuwarsa.

Ya bar maza biyu da mace. Babban, Haruna, shi ne jaririn da aka nemar wa uwarsa romo, sa'anka ne. Sun san ko kai ɗan wane ne, kada ka yi shakka. In wata magana tasu ta taso, kada ka matsa musu don a ce ba ka da son kai, kada kuma ka sassauta musu don ka biya mini. Ka miƙa wa alƙali ka koma gefe.

Ga roƙona. Jirginku zai isa ranar Laraba in Allah ya so. Kada ka jira Juma'a. Ka sauke kayanka, ka sa tsohuwar rigarka, ka tambayi gidan Ɗanjuma ka tafi kai kaɗai, ba dogari, ba mai rakiya. Ka yi sallama ka tsaya a waje har a ce ka shiga. Ka ce wa Haruna kai ɗan Audu ne, Audu ya ce abin da ya yi wa ubansu zalunci ne, ba kuskure ba, yana neman su yafe masa. Kada ka kawo maganar ƙananan kifi. Dole ne ya zama kafin rawani, domin bayan Juma'a ba mai iya ce wa wakilin hakimi a'a, kuma yafewar da aka yi don tsoro ba ta da amfani gare ni ranar da zan tsaya inda ba Sarkin Ruwa. Ina son su ji ka a lokacin da suke da ikon korarka.

In sun yafe, ka aiko mini da mai jirgin farko. In sun ƙi, ka yi musu godiya, ka fito, ka aiko mini da wannan ma yadda suka faɗa, kada ka gyara. Hukuncin nasu ne.

Innarka tana gaishe ka, ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya sauke ku lafiya, ya kiyaye jirginku daga iska da dorina, ya tsare ka daga zalunci, naka da na wani. Allah ya sa ka gama da mutanen can lafiya, ya dawo mana da kai muna raye. Na bar ka a hannun wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalam. Mahaifinka, Audu.